Bore, Tawaye, Juyin Mulki: Wa Ke Raɗa Sunan?

Da hantsin ranar Laraba 26 ga Yuli 2023, labarin da ke fitowa daga Yamai shi ne dogaran fadar shugaban ƙasa sun yi bore, sun tsare shugaban, Mohamed Bazoum, a gidansa. Fadar ta yi ƙoƙarin rage wa abin nauyi, ta ce ɓacin rai ne na wasu dakaru. Kafin gari ya waye hafsoshi goma sun bayyana a talabijin, kalmar ta koma juyin mulki. Ba a cika mako uku ba sai masu sabon mulkin suka ce za su gurfanar da Bazoum bisa laifin cin amanar ƙasa. Wanda aka yi wa bore da safe shi ne aka wayi gari ana tuhuma. Sojojin nan ba su sake ba, bindigoginsu ma su ne na jiya. Abin da ya sake shi ne hannun da ke riƙe da gidan talabijin, kuma da hannun ya sake sai sunan ya bi shi.

Tun ranar nake ta juya waɗannan kalmomi a raina. Hausa tana da su da yawa, kuma mun saba jefa su kamar duk ɗaya ne. Alhali kowacce tana faɗin irin igiyar da ke tsakanin na sama da na ƙasa, da inda igiyar ta tsinke, sa'an nan, abin da ya fi muhimmanci, tana faɗin abin da ya halatta a yi wa wanda ya ƙi bi. In ka gaya mini sunan da aka ba mutum, sau da yawa zan iya gaya maka ko zama za a yi da shi ko harbi.

A fara daga cikin gida, don can ne kalmar da ta fi kowacce taushi take. Mace ta yi yaji: ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan iyayenta saboda an ɓata mata. Ba ta ce aure ya mutu ba. Tafiyar tata magana ce, cewa akwai abin da ba za ta ƙara haƙuri da shi ba. Kuma al'ada ta ajiye wa yaji abokin tafiya, wato biko. Miji zai je, ko ya tura manya, a zauna a zaure, a ji ta bakinta, a yi masa faɗa in shi ne da laifi, ta koma ɗakinta da mutuncinta. Ko wane ne ya fara kiran dakatar da aiki da sunan yajin aiki, ya san Hausa ƙwarai. Ma'aikatan da suka ajiye aiki a faɗin Nijeriya a 1945, a zamanin su Michael Imoudu, aikinsu suke so a gyara, da albashin da zai kai su ƙarshen wata bayan tsadar da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo. Haka malaman jami'a da suka yi wata takwas a gida a 2022. Kalmar da kanta tana ɗora wa gwamnati nauyi: wanda aka yi wa yaji shi ke biko. Shi ya sa nake jin wani iri duk sa'ad da jami'i ya fito yana maganar yajin aiki da bakin da ake maganar abokan gaba. Ya manta da rabin kalmar.

Bore ya fi yaji zafi. Mai yaji janyewa yake yi, mai bore kuwa yana nan inda yake, ya tubure, ya ce ba ya yi. Yaro yakan yi wa uwarsa bore, ɗalibai su yi bore a kan abinci, fursunoni su yi bore a gidan yari, talakawa su yi boren haraji. Akwai hayaniya a ciki, wani lokaci da fashe-fashe, amma mai bore bai ce shi ne shugaban makaranta ba, bai kuma ce a ba shi kujerar hakimi ba. Abu ne mai tasowa ya lafa, shi ya sa muka fi cewa masu bore, kamar yadda za a ce masu fushi. Kusa da shi akwai bijirewa, wadda umarni guda ake yi wa, da kangara, wadda ta riga ta zama hali, har muna da gidan kangararrun yara.

Sai dai bore yana sake nauyi in ya shiga bariki. A Mayun 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji sun harbi motar kwamandansu bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa goma sha biyu hukuncin kisa a Satumba, wasu hamsin da huɗu kuma a Disamba saboda ƙin fita fagen daga, su kuwa suna cewa ba a ba su kayan faɗa ba. A ƙarshen 2015 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma. Kalmar da uwa ke faɗa tana dariya game da ɗanta mai shekara uku ita ce ke iya kai baligi turken harbi, don kawai yana sanye da kaki.

Tawaye shi ne babban. A nan igiyar ta tsinke. Ana yi wa sarki tawaye ne bayan an yi masa caffa, wato mubaya'a, sa'an nan aka warware ta: a daina kai gaisuwa, a ƙi amsa kira, a gyara ganuwa, a tara mayaƙa. Kuma tawaye yana manne wa mutum ya zama sunansa, ɗan tawaye, kamar yadda ake cewa ɗan kasuwa. Misalin da ya fi fitowa fili a tarihinmu shi ne Buhari na Haɗeja. Ya hau sarauta a 1848, Sakkwato ta tuɓe shi ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya ƙi yarda, ya dawo ya ƙwace garin, a 1853 kuma ya fatattaki rundunar haɗin gwiwa da aka tura masa a Gamon Kaffur. Ya yi mulkinsa ba ya bin kowa har rasuwarsa a 1863. A littattafan Sakkwato ɗan tawaye ne. Ka je Haɗeja ka ji yadda ake ba da labarinsa, za ka tarar da jarumi. Shekara talatin bayan haka, da Tukurawa da Yusufawa suka gwabza a Kano daga 1893, ba tawaye ya zauna a bakin mutane ba, Basasa suka ce, kalmar da masana ke dangantawa da yaƙin Basusa na Larabawan jahiliyya, wanda dangi suka yi ta kashe juna a kan taguwa. Ga alama nasarar Yusufawa tana da hannu a wannan. Su ne suka ƙi naɗin da Sakkwato ta yi, amma jagoransu Alu ya shiga birni ya zauna a gidan Dabo, kuma ba a kiran mai gari ɗan tawaye a gabansa.

Matsalar tana nan tun tushe. A 1804, da Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu jama'arsa suka yi masa mubaya'a, a idon Yunfa Sarkin Gobir talakawansa ne suka yi masa tawaye. A idon jama'ar hijira ce da jihadi. Sarakunan da aka kora kuma ba su taɓa yarda su ne 'yan tawaye ba. Har gobe sarkin da ke zaune a Maraɗi sunansa Sarkin Katsina, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir, don a lissafinsu su ne masu gida, waɗanda suka zauna a biranen ne baƙin sarauta.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan babi shi ne na Malam Abdussalami. Almajirin Shehu ne, Ba'are, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadin. Bayan nasara ya ga rabon da aka yi na ƙasa da iko bai yi masa adalci ba, ya yi ta ƙorafi a wasiƙu tsakaninsa da Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817 sai abin ya fito fili daga Kware. Tambayar da ta fuskanci Bello ta suna ce, domin fiƙihu ya bambanta. Akwai bugatu, Musulmin da suka fita daga biyayyar shugaba da wata hujja tasu da kuma ƙarfi. Muhtasar na Halilu ya ware musu babi, kuma hukuncinsu yana da iyaka: a fara kiran su zuwa sulhu, ba a bautar da iyalansu, dukiyarsu ba ta zama ganima. Suratul Hujurati ma, inda take maganar ƙungiyoyi biyu da suka yi faɗa, ba ta cire wa ɗayarsu sunan imani ba. Akwai kuma ridda, wadda ta rufe duk waɗannan ƙofofi. Bello ya ɗauki matsayin cewa Abdussalami ya jiɓinci abokan gaban Musulmi, don haka ya wuce bagyu, wato laifin bugatu, ya faɗa ridda, ya kuma rubuta hujjojinsa a littafinsa Sard al-Kalam. Kware ta faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya tsere da rauni zuwa Bakura, can ya cika. Malamai sun daɗe suna tattauna hujjar Bello, ni kuwa abin da na riƙe shi ne cewa Sarkin Musulmi, da rundunarsa a hannu, ya ga dole ya zauna ya rubuta dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan. Ya san rayuka da 'yancin mata da yara suna rataye a kan zaɓin.

Turawa ba su wahalar da kansu da wannan ba. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, ƙauye a kudu da Sakkwato, masu bin aƙidar Mahdi, suka far wa ayarin da aka tura musu da gatura da fartanya da baka, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. A Maris aka dawo da manyan bindigogi aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu kuma yana tare da Nasara a kan lamarin. Har yau littattafan makaranta suna cewa tawayen Satiru, mu ma muna maimaitawa. To, wa suka yi wa caffa da za su warware? Shekara uku ke nan kacal da aka ci Sakkwato da yaƙi, a Maris 1903. Mutumin da aka shigo gonarsa da bindiga, in ya ɗaga fartanya, turjiya ya yi. Haka Kaosen da Abzinawansa, da suka yi wa sansanin Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Duk wanda ya kira waɗannan tawaye ya riga ya amince cewa mai mamaya shi ne halattaccen sarki, ko da bai yi niyyar faɗin haka ba. Matan ƙasar Ibo sun fi mu kiyaye wannan: abin da Turawa suka rubuta a matsayin tarzomar Aba ta 1929, su yaƙin mata suke kiransa.

Juyin mulki sabuwar kalma ce, zamanin rediyo ya haife ta, kuma mun koye ta da jini ranar 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna a Kaduna aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas. Ita ba ta yabo ba ta zagi, tana faɗin abin da ya faru ne: mulki ya kife. Amma tana da wata ƙaramar kalma da ke shiga gabanta, yunƙuri, kuma tsakanin juyin mulki da yunƙurin juyin mulki akwai nisan da ke tsakanin fada da kabari. Dimka ya kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, ya yi jawabi a rediyo, bai riƙe gari ba, aka harbe shi. Orkar ya yi nasa a Afrilun 1990, har da sanarwar cire jihohin Arewa biyar daga Nijeriya, shi ma aka harbe shi. Waɗanda suka yi na 31 ga Disamba 1983 da na 27 ga Agusta 1985 kuwa hotunansu aka rataya a ofisoshi. A dokar soja laifin ɗaya ne. An taɓa kai wannan magana gaban alƙalai: a Afrilun 1970, a shari'ar Lakanmi, Kotun Ƙoli ta ce abin da ya faru a 1966 miƙa mulki ne na wucin gadi da ministoci suka yi, saboda haka sojoji suna ƙarƙashin tsarin mulki. Ba a yi wata guda ba gwamnatin Gowon ta fitar da doka mai lamba 28, ta ce juyin juya hali ne, ta soke hukuncin. Da dokar soja aka yanke ma'anar kalma.

Juyin juya hali kuwa muna ajiye shi ne ga abin da ya kife tsari duka, kamar na Faransa a 1789 ko na Iran a 1979. Kalma ce mai kwarjini, shi ya sa kowane mai juyin mulki yake son aron ta.

Duk da nauyin tawaye, akwai abu guda da ya kamata a lura da shi: yana da hanyar komowa. Gwamnatin Tarayya ta kira mutanen Biyafara 'yan tawaye da 'yan aware daga 1967 zuwa Janairun 1970, kodayake a Mayun 1966 a titunan Arewa ne aka yi ta ihun a raba. Da aka gama, Gowon ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, a 1982 kuma Shagari ya yafe wa Ojukwu, ya dawo gida har ya shiga jam'iyyar NPN. A Nijar tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990 ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, kuma Rhissa Ag Boula, ɗaya daga cikin jagororinsa, ya zama minista. Tsagerun Neja Delta, kamar yadda gidajen rediyo suka raɗa musu, 'Yar'aduwa ya yi musu afuwa a 2009. Shekara da shekaru muna jin 'yan tawayen Siriya, sai ga shi a Disamba 2024 sun shiga Dimashƙu, madugunsu ya zama shugaban ƙasa. Ɗan tawaye yana da buƙatar da za a iya rubutawa a takarda, saboda haka ana iya zama da shi.

A nan ne nake ganin muna yawan kuskure ta fuska biyu. Masu fassara labarai suna da 'yan ta da ƙayar baya, da 'yan ta'adda, da 'yan bindiga, da ɓarayin daji, kuma sukan musanya su a labari guda don gudun maimaici. Fiƙihu ya raba mai bagyu da mai hiraba, wato ɗan fashin da ke tare hanya ya kashe ya ƙwace. Mutumin da ke kwashe 'yan makaranta ya nemi kuɗin fansa, ya sa wa manoma haraji kafin su girbe gonarsu a Zamfara ko Katsina, ɗan fashi ne, kuma duk wanda ya kira shi ɗan tawaye ya sa masa rigar da bai cancanta ba. A Nuwamba 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana irin waɗannan mutane a matsayin 'yan ta'adda, kuma takardun shari'ar sun ambaci "'Yan Bindiga" da "'Yan Ta'adda" kamar sunayen ƙungiyoyi masu rajista, alhali kalmomi ne na yau da kullum a bakin kowane Bahaushe. An nemi sunan ne saboda abin da yake halattawa a fagen yaƙi. Wannan fuska ɗaya ke nan, ta ɗaga ɓarawo zuwa matsayin mai manufa.

Ɗaya fuskar ta fi ci mini rai, wato a ɗauki ƙaramin abu a ba shi babban suna. Zanga-zanga ita ce fitowar jama'a titi su faɗi kukansu. In ta ɓaci aka shiga ƙone-ƙone ta zama tarzoma. Kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta 2024, an yi ta muhawara a mumbarori da wayoyin hannu: wasu malamai suka ce fita ce daga biyayyar shugaba, suka kawo maganar fitina da Hawarijawa, wasu suka ce kai kuka ne, kuma kai kuka ba warware mubaya'a ba ne. Na fahimci tsoron na farkon, domin duk wanda ya ga Kano a Disambar 1980 lokacin Maitatsine, ko Maiduguri a 2009, ba ya wasa da taron da ba shi da linzami. Amma Hawarijawa sun kafirta shugabanni sun zare takobi. Mai ɗauke da kwali yana cewa yana jin yunwa bai yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kalmar fitina ma ta yi faɗi da yawa a Hausa, tun daga yaƙin sahabbai har zuwa yaron da ya hana uwarsa barci, don haka tana da sauƙin jefawa a kan duk abin da ya dami mai iko.

An yi ɓarna a kwanakin nan, ba na musu. An fasa shaguna da ofisoshi a Kano da wasu garuruwa, wasu sun ɗaga tutar Rasha suna kiran sojoji su karɓi mulki, kuma an rasa rayuka. Doka tana da sunayen sata da ɓarna da ta da hankalin jama'a, kowanne da hukuncinsa daidai gwargwado. Sai ga shi ranar 1 ga Nuwamba 2024 an shigo da mutum 76 babbar kotun tarayya a Abuja, cikinsu har da yaran da ba su kai shekara goma sha takwas ba, bayan wata uku a tsare. Tuhumar da aka karanta musu ta haɗa da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan kai kisa, da ingiza sojoji su yi bore. Laifin da aka harbe su Dimka a kansa ne aka ɗora wa yaran da haƙarƙarinsu ke ƙirguwa ta cikin riga. Huɗu daga cikin waɗanda aka gurfanar suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin waɗanda ake tuhuma naira miliyan goma kowanne.

Hotunan sun zaga duniya, mutane suka yi ca. Ranar 4 ga wata shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, washegari aka janye tuhumar, aka kai su fadar gwamnati, mataimakin shugaban ƙasa ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Ranar Juma'a maciya amanar ƙasa ne, ranar Talata kuma 'ya'yanmu ne da za a mayar wa iyayensu.